Ƙyallen Boma: Shafi na 14

Jama'a, na ga saƙonninku, har da na masu zagi, kuma na yafe. Kwana huɗu babu wuta a layinmu, wayata ta fi zama a shagon caji a kan hannuna. A gajiye na buga wannan, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa. Sababbin shigowa kuma, kada ku dame ni da "ina farkon?" Ga inda muke: shekarar 1973 ce. Andarawus malamin gona ne a Kontagora, an zaɓe shi zuwa ƙasar Japan koyon noman shinkafa, da sharaɗin sai ya ci jarrabawar yarensu. Sau biyu yana faɗuwa. Dama ɗaya ta rage masa, nan da mako uku.

*

A fadama saƙon ya same shi, taɓo har gwiwa.

Ko a nan ɗin ma bakinsa bai huta ba. Yana duba shukar gwaji yana ƙunƙuni shi kaɗai, yana bitar babi na sha tara. Babin nan kuwa shi ya tsaya masa a wuya. Kaf ɗinsa maganganu ne na dagewa da juriya: wannan kalma ta cije baki a daure ce, waccan ta tsayawa kan abu har ƙarshensa ce, ga wata da ake liƙa wa wutsiyar aikatau don a nuna mutum bai saki ba sai da ya kai. Kowace kuma da nata harafin mai zane goma sha wani abu, kanji suke ce masa, kuma kowane zane da inda ake fara shi. Abin haushi, babin dagewar ne ya fi sa shi jin ya haƙura da tafiyar baki ɗaya.

Shekara guda cur yana wannan fama. Idonsa ya lalace, wuyansa ya ƙage, matarsa Naomi ta ce ko gaisuwa ta yi masa sai ya tsaya tunani kafin ya amsa. Ya gaji, gajiya irin wadda barci ba ya saukewa.

"Ɗan Japan!"

Mailafiya ne, direban motar kasuwa, ya leƙo daga titi yana danna ham.

"Bar ciyawar nan ka fito! Daga Sahon Rami nake. Jikin Kofur ya tashi. Inna Fure ta ce ko hannu kada ka tsaya wankewa!"

Bai tsaya ɗin ba. Littafinsa da biro da komai suna ofis, bai ko tuna da su ba. Ya haye babur ɗin aiki ya kama hanya, taɓon na bushewa a ƙafarsa.

Rana ta ɗan karkata lokacin da ya shiga gidan. Kofur Ɗanmalam, mahaifinsa, tsohon sojan yaƙin Boma, inda aka gwabza da sojojin Japan, yana kwance a gadon kara. Wata biyu ke nan da asibiti suka ce a mai da shi gida, sun yi iya yinsu. Mutumin da a da yake saɓa buhun dawa shi kaɗai, yau bargo ya fi shi kauri.

"Baba, sannu."

"Ka iso?"

"Na iso, Baba."

Tsohon ya sauke ido kan ƙafarsa.

"Da taɓon gwamnati har ɗakina."

Ya so yin dariya, tari ya ƙwace ta. Inna Fure ta tallafe shi har ya lafa, sannan ta dubi ɗanta.

"Turo ƙofar nan."

Ya turo.

"Jawo akwatin ubanka."

Akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado, tun yana rarrafe yake ganinsa, bai taɓa ganin cikinsa ba. Abin da ya sani kawai, a ciki "maganin Boma" yake. In ciwo ya yi tsanani a gidan, sai a kori yara waje, a rufe ƙofa, can sai Inna ta fito da wani ruwa toka-toka a ƙwarya, ta ce rufe idonka ka shanye. Maganar shan nan ba a faɗa wa fasto, ba a faɗa wa maƙwabta.

Ta kwance makulli daga bakin zanenta ta buɗe. Ta ɗauke tsohuwar rigar soja, ta ɗauke hula, ta ciro wani ƙyalle a ninke ta shimfiɗa a kan ƙafafun mijinta.

Fari ne a da, yanzu ya koma kalar kunu. A tsakiya akwai jan da'ira da ta koɗe, da wani ɗan rami a gefenta. Kewaye da da'irar duk tabo ne, tabon abin da aka jiƙa aka murza. Kusurwa ɗaya ce kawai ta rage da baƙin rubutu.

Andarawus ya durƙusa. Tun kafin ya matsa ya gane irin rubutun: na Japan ne.

"Ka ga nan?" Inna Fure ta ɗora yatsa a wani babban tabo. "Naka ne. Ƙyanda, kana shekara huɗu."

Ta matsa gaba.

"Nan na ƙanwarka Barakatu ne, haihuwarta ta fari. Nan kawunka Bitrus, da maciji ya sare shi a gona. Nan kai ne kuma, shawara. Kai ka fi kowa cin ƙyallen nan."

Da alfahari take faɗa, kamar mai nuna rumbunan da ta cika.

"Tawadarsu taurin kai gare ta," ta ce. "Sai da ruwan toka mai ɗumi, a yi ta murzawa. Da kaɗan-kaɗan na yi ta tattalinsa. Ga abin da ya rage, kuma na ubanka ne."

Kofur ya ɗaga hannu.

"Ni na ce a kira ka. Shekara guda kana ƙona kananzir a kan karatun mutanen nan. To, karanta mini abin da zan sha. Shekara ashirin da takwas ban san abin da yake cewa ba."

Andarawus ya goge hannunsa a riga ya sunkuya.

Hannu daban-daban ne suka yi rubutun, wannan shi ya fara lura da shi. Wani mai kauri, wani siriri, wani a karkace kamar na mai koyo. Ga wani harafi nan da ya sani, daga babin nan na sha tara da ya hana shi sakat: wuƙa a sama, zuciya a ƙasa, ma'anarsa a daure. A ƙarƙashinsa an sa suna. Kusa da shi wani ya rubuta a dage har ƙarshe, shi ma ya sa suna.

Sai idonsa ya sauka kan wani ɗan ƙarami a can gefe. Hannun da ya yi shi rawa yake, tawadar ta taru a wuri ɗaya. Wannan kam tun babi na biyu ya san shi.

Uwa.

Ya daɗe bai ɗago ba.

"Ka yi shiru," Kofur ya ce. "Ko nan ma faɗuwa za ka yi?"

"Baba, wannan ba magani ba ne."

"Kai!" Inna Fure ta daka masa tsawa. "Iya bakinka!"

"Inna, sunaye ne."

"Sunayen me? Aljanu?"

"Sunayen mutane. Tutar ƙasarsu ce. Akwai bayaninta a ƙarshen littafina. In za a kai yaro yaƙi, sai danginsa da maƙwabta su taru, kowa ya rubuta masa 'yar magana ya sa sunansa, don ya tafi da su a jikinsa ya dawo lafiya. Wannan ya ce masa ya daure. Wannan ya ce kada ya karaya. Wannan kuma," ya nuna ɗan ƙaramin nan, "uwarsa ce."

A waje wata akuya tana ta kuka.

"Duk tabon nan da kika nuna mini, Inna, mutum ne. Sunayen mutane muka yi ta sha."

"To, sai me?"

Ta gyara ɗaurin zanenta ta tsaya a kansa.

"Na ce sai me? Ranar da ƙyanda ta kama ka, idonka ya kafe, jikinka ya saki, matan gidan nan har sun fara kuka. Na ɗura maka ruwan nan da cokali. Kafin la'asar ka buɗe ido ka ce tuwo kake so. Kana nan? Ka gani? Ni na gani!"

"Inna, ban ce..."

"Da ban wanke ba, da wa zai zo yau ya tsaya yana karanta mini? Boko ya buɗe maka ido, ka zo ka raina abin da ya raya ka!"

Gaskiya ne bai san abin da ya tashe shi ba, kuma ba shi da ƙarfin musu. Ya mai da ido kan ƙyallen.

A can bakin kusurwar, da manyan baƙaƙe, haruffa uku suke a jere daga sama zuwa ƙasa. Sunan mai tutar ne. Na farko dutse, na biyu kogi, waɗannan ko a mafarki zai rubuta su. Amma sunan gida ne, masu amsa shi a can sun fi a ƙirga. Na ukun shi ne sunan yaron kansa, kuma Andarawus bai taɓa ganinsa ba. Cunkushe yake da zane, da ɗigo huɗu a ƙasa.

"Baba, ka ba ni shi."

"In ba ka?"

"Sunan mai shi yana nan, bai goge ba. In na je can zan nemi mutanensa. Da cikakken suna za a iya. Wataƙila tsohuwar nan tana raye. Ko ƙannensa. Ba su ga gawa ba, ba su ga komai ba. In aka wanke wannan kusurwar, shi ke nan, ya zama tsumma."

Inna Fure ta tafa hannu.

"Oh ni Fure! Tsohuwar wata ƙasa ta fi maka ubanka da ke kwance?"

"Ba haka ba ne."

"Haka ne mana! Kuma wace Japan ɗin? Wadda sau biyu kana zuwa Kaduna kana dawowa da kai a ƙasa? Ka hana ubanka magani saboda tafiyar da ba ka da tabbacinta?"

Maganar ta soke shi, don abin da yake faɗa wa kansa ke nan kullum. Haushi ya sa ya zura yatsa a ramin nan na gefen jan da'irar.

"To, in magani ne, me ya hana shi tsare mai shi? Wannan ramin fa?"

"Ɓera ne."

"Ba ɓera ba ne."

Kofur ne ya yi maganar. Su duka suka juya.

"Kofur, kwanta ka huta," ta ce.

"Na gaji da hutawa. Zauna, Fure. Kai ma zauna."

Ta zauna a bakin gado. Ya ɗan jima yana tara numfashi.

"Me na gaya wa mutanen garin nan a kan ƙyallen nan?"

Andarawus ya san labarin kamar sunansa. Kowane yaro a Sahon Rami ya san shi.

"Ka ce wani ƙaton hafsansu ne, harsashi ba ya cinsa. Kuka yi kokawa a bakin rafi, ka kayar da shi, ka kwance asirinsa daga ƙugunsa."

"Rafin gaskiya ne."

Ya yi tari.

"Sauran ƙarya ce. Yaro ne. Bai kai ka ba, ko gemu babu. Yunwa ta cinye shi, ƙafarsa kamar sillen kara. Ba bindiga a hannunsa. Gwangwani ne, yana ɗibar ruwa. Ni ma ruwan na je ɗiba. Ya ɗago ya dube ni, ni kuma ban jira ba."

Inna Fure ta dafe ƙirji.

"Da na matsa, yana da sauran rai. Abin nan a naɗe yake a cikinsa. Na kwance don in toshe masa inda jinin ke fita. Sai ya kama hannuna ya danna mini shi. Yana magana, yana magana, ban ji ko ɗaya ba. Har ya daina."

"Shekara nawa muna tare, Kofur," ta ce a hankali, "ba ka taɓa..."

"Ke kika ce rubutu ne. Ranar da na dawo kika buɗe kayana kika gani, kika ce irin na su Malam ne, na sha. Na yi shiru. Tun daga rafin nan kuwa, na dama da ni ya faɗi, na hagu ya faɗi, ni ko ƙwarzane. Sai na ce to, ƙila hakan ne."

Ya juyo da kai wajen ɗansa.

"Ka gane? In asiri ne, ganima na ɗauko, ni jarumi ne. In ba asiri ba ne, saƙon yaro aka ba ni na riƙe. Sai na zaɓi wanda zai bar ni in yi barci."

Andarawus ya ji tausayin tsohon ya rufe shi, da kunya, da wani irin nauyi a kafaɗa. Ya zo da shirin faɗa, yanzu kuma ba ya ganin wanda zai yi faɗan da shi.

"To, Baba, ka yarda in tafi da shi?"

Tsohon ya damƙe gefen ƙyallen. Idonsa ya kawo ruwa.

"Tsoro nake ji, Andarawus."

Bai taɓa jin kalmar nan a bakin ubansa ba.

"Ban sani ba ko yana yi ko ba ya yi. Amma ban taɓa kwanciya irin wannan ban sha ba. Na san ya kamata in ba ka. Hannuna ne ya ƙi."

Andarawus ya dafe kai. Can sai ya ɗago.

"Inna, su Malam Mahmudu in za su ba da rubutu, littafin suke wankewa?"

"Wane irin littafi? A allo suke kwafa."

"To, ni ma in kwafa. Duk abin da ke kusurwar nan zan sauke shi a allo, zane bayan zane, ki wanke wa Baba ya sha. Ƙyallen ya zauna yadda yake."

Ta harare shi.

"Hannunka da na masu shi ɗaya ne?"

"Shekara guda nake koyon hannun nasu. Ko don wannan, wahalar ta yi rana."

Ta dubi mijinta. Ya gyaɗa kai.

"To, yi sauri," ta ce. "Ni dai ban so ba."

"Ki yi mini alkawari ba za ki taɓa shi ba sai na dawo."

"Na ji. Tafi!"

Ya miƙa hannu zai ɗauki ƙyallen, yatsun tsohon suka ƙara ƙanƙamewa. Sai ya bari. Ya tsaya ya ƙura wa harafi na ukun nan ido na ɗan lokaci, ya ce a ransa ai yanzu zai dawo, ya fita.

Gidan Malam Mahmudu katanga biyu ne tsakani. Abokin Kofur ne tun suna samari, gonarsu ma iyaka ɗaya. Yana zaune a zaure yana gyaran igiya.

"A'a, malamin gona! Saukar yaushe? Ya jikin Kofur? Ya iyali? Ya mutanen Kontagora?"

Andarawus ya amsa a tsaitsaye, ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Allo kuma? Me za ka rubuta?"

"Rubutun Japan, Malam. Baba ne yake so."

Malam ya shafa gemu.

"To, ka ga waɗannan duk an sa musu karatu, ba zan ba da su a yi wani abu daban ba, kada ka ji haushi. Amma akwai sabo da na saya, ba a taɓa ɗora masa alƙalami ba. Bari in tuna inda na ajiye shi."

Ya shiga ciki. Ya duba ɗaki, ya duba bayan rumbu, ya tambayi matarsa Saudatu, ita ma ta tambaye shi. Da allon ya fito, sai ga tawada ta bushe a kurtu. Aka nemo ruwa aka ɗiga, Malam yana juyawa da tsinke a natse, yana ba da labarin yadda shi da Kofur suka taɓa kwana a kan bishiya saboda kura. Andarawus yana tsaye, ƙafa ɗaya a waje.

"Malam, haka ma ya isa."

"Haba, ruwa-ruwa ce. Rubutun da za a yi wa Kofur ai ba a yi masa gaggawa."

Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Ya dai san da ya fito inuwar katanga ta ƙaru.

Tun daga tsakar gida ya ji warin toka.

Ya banka ƙofar.

Inna Fure tana durƙushe a gaban gado, ƙwarya a gefenta, babban yatsanta baƙi ƙirin. Ƙyallen yana kan cinyarta, kusurwar a jiƙe sharkaf. Babu dutse, babu kogi, babu uwa. Wani shafaffen baƙi ne kawai yake bin zaren yana yaɗuwa.

Allon ya kusa suɓuce masa.

"Inna..."

"Numfashinsa ya tsaya!" Kuka take. "Kana fita tari ya sarƙe shi, idonsa ya juye. Na kira ka sau uku, ba ka ji ba! In zauna ina kallo? In zauna ina jiran allo?"

"Kin yi mini alkawari."

"Na yi! Na karya! Dube shi, ba ga shi yana numfashi ba?"

Yana numfashi kuwa. Leɓensa a jiƙe, idonsa a buɗe, yana kallon rufin ɗaki.

Andarawus ya zauna daɓas a ƙasa, ya ɗora allon a cinya, ya tsoma alƙalami. Ya rubuta dutse. Ya rubuta kogi a ƙarƙashinsa.

Ya sauko wurin na uku.

Ɗigo huɗu a ƙasa, wannan ya tuna. A samansu fa? Akwai wani abu a dama mai kama da harafin ƙarfi. Ko a hagu yake? Tsakiyar kuma akwatin nan ne mai layi biyu, ko uku? Ya rufe ido ya matse. Haruffa ɗari biyar da ya cusa wa kansa suka taso gaba ɗaya suna hawa kan juna, wanda yake nema ne kawai babu. Abin da ya same shi a ɗakin jarrabawa a Kaduna ke nan, sau biyu, takarda a gabansa, kai fayau.

Tawada ta ɗiga daga bakin alƙalamin ta ɓata gefen allon.

"Ya tafi," ya ce. "Na kalle shi, wallahi na kalle shi. Ya tafi."

Hawaye suka zubo masa, bai ko share ba.

"Na gaji, Baba. Ni ba zan iya ba. Ba ni da kan abin nan. Abu ɗaya tak aka ce in riƙe."

"Mai ƙafa huɗun kake nema?"

Ya ɗago.

"Na'am?"

"Na ƙasan. Mai ƙafa huɗu, da kaya a kansa." Kofur ya motsa yatsu. "Tashe ni zaune. Kawo katakon."

"Baba, ai kai ba ka..."

Bai ƙarasa ba. Kowa ya san Kofur Ɗanmalam ko sunansa bai iya rubutawa ba, dangwale yake yi.

"Ban iya karatu ba. Amma duk ranar da uwarka ta tafi kasuwa sai na buɗe akwatin nan. Shekara ashirin da takwas. Wannan ya fi sauran girma, na san shi ne shi. Da shi nake magana."

Inna Fure ta toshe baki da zanenta.

Suka tallafe shi su biyu, ita ta baya, shi ta gefe. Andarawus ya riƙe masa allon, ya sa masa alƙalami a hannu. Tsohon ya damƙe shi kamar mai riƙe da ƙotar fartanya.

Daga ƙasa ya fara.

Andarawus ya buɗe baki zai ce ba daga nan ake farawa ba, sai ya rufe.

Ƙafa ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu.

"Haka ne, Baba. Haka yake."

Ya hau dama. Ya ja wani lanƙwasasshen zane, ya ratsa shi da wani. Harafin ƙarfi ne, kuma a dama yake.

"Saura tsakiyar. Ita ce na manta, Baba. Ita kaɗai."

"Na sani. Kada ka dame ni."

Numfashinsa yana fita da ƙara. Ya tsoma alƙalamin da ƙyar, ya kai shi hagu, can sama. Ya ja ɗan gajere a karkace. Ya ja na kwance a ƙarƙashinsa. Ya sauko ya fara bangon akwatin, layin yana tafiya a hankali, a hankali.

Sai ya tsaya.

"Baba, ci gaba."

Bakin alƙalamin yana nan a kan allon, tawada tana taruwa a wuri ɗaya.

"Baba, layi nawa ne a ciki? Ko da baki ka faɗa mini. Biyu ne ko uku?"

Inna Fure ta ji nauyinsa ya ƙaru a ƙirjinta.

"Kofur?" ta ce. "Kofur!"